Awon Ƙarfin Akwatunan Da Ke Tsare Na'urori Daga Kutsen Igiyoyin Lantarki

Manomin da ke sauraron Rediyon Kaduna a Sahon Rami ko Kontagora ya san ƙarar da kan cika akwatinsa idan an yi walƙiya, ko an ta da injin wuta a maƙwabta. Dalili kuwa shi ne, duk inda lantarki ya yi tartsatsi yakan watsa igiyoyi waɗanda ido ba ya gani, su shiga na'urorin da ke kusa. A rediyo abin bai wuce ƙara ba. Amma a asibiti, ko a wurin turakun sadarwa, wannan kutse yana iya ɓata sakamakon awon majiyyaci, ko ya yanke magana a lokacin buƙata.

An daɗe da sanin maganinsa. A shekarar 1836 wani masani ɗan Ingila, Michael Faraday, ya nuna cewa ɗakin da aka lulluɓe da ƙarfe yana tsare abin da ke cikinsa. Saboda haka ake rufe na'urori masu muhimmanci cikin akwatunan ƙarfe ko na tagulla.

Sai dai ido ba ya iya tabbatar da ƙarfin akwati, tilas sai an auna. Ma'aikatan awo sukan kafa eriya biyu, ɗaya mai watsawa, ɗaya mai karɓa, su rubuta ƙarfin igiyar da ta iso alhali babu kome a tsakani. Sa'an nan a sa mai karɓa cikin akwatin, a rufe, a sake awo a daidai wannan nisa. Bambancin awon biyu shi ne ƙarfin akwatin, ana kuwa lissafa shi da desibel. Desibel 20 na nufin kashi 1 cikin 10 ya shiga. 40, kashi 1 cikin 100. 60, kashi 1 cikin 1,000.

Awon yakan nuna cewa ɓaraka ba daga jikin ƙarfen take ba, daga bakin ƙofa take, da mahaɗar ƙarfe, da kafar shigar waya. Doguwar tsaga guda, kome sirantarta, ta fi ƙananan huji masu yawa lahani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1992, ita ke amincewa da samfurin kayan sadarwa kafin a sayar da su a ƙasar nan. Ana kira ga jama'a su riƙa sayen waɗanda ta amince da su. Masu gyara kuma su mayar da kowane murfi, su ɗaure kowane noti, su kankare tsatsa daga mahaɗa, kada su huda akwati don zura waya. Noti guda da aka bari a ƙasa yana iya ɓata aikin akwati duka.