Sa ido kan waƙoƙin da yara ke saurare a ƙasar Hausa

Sa ido kan waƙoƙin da yara ke saurare wani ɓangare ne na tarbiyya, inda iyaye ko masu riƙo ke bibiyar irin kiɗa da waƙar da ke shiga kunnen 'ya'yansu, su bar wasu, su hana wasu. A ƙasar Hausa lamarin ya sauya tun da wayar hannu ta yaɗu, domin waƙa ta tashi daga abin da ake ji a bainar jama'a ta koma abin da yaro ke ji shi kaɗai.

Asali

A da, yara na samun waƙa a dandali, wurin gaɗa, lokacin tashe a watan azumi, da kuma gidan biki. Daga baya rediyo da kaset suka kawo muryoyin mawaƙa irin su Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos da Barmani Choge cikin gidaje. Duk waɗannan a fili ake jin su, saboda haka kowane babba na iya tsawatarwa, bisa al'adar nan ta ɗa na kowa ne.

Matakan hukuma a Kano

An kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano a shekarar 2001, Hukumar Hisbah kuma ta samu dokarta a 2003. A 2009 wata kotun tafi-da-gidanka ta haramta sauraro da yaɗa wasu waƙoƙi 11 a jihar. A 2022 kuma wasu lauyoyi sun kai ƙarar wasu mawaƙa da masu amfani da TikTok gaban kotun shari'ar Musulunci da ke Bichi, suna zarginsu da ɓata tarbiyya. Sai dai ikon hukuma ya fi tasiri kan abin da ake sayarwa a kasuwa ko ake sawa a rediyo, ba abin da ke cikin wayar mutum ba.

A karkara

A ƙauyukan noma, kamar na yankin madatsar ruwan Watari da ke ƙaramar hukumar Bagwai, waƙa kan iso hannun matasa ba tare da intanet ba. Ana tura ta a memori a shagon cajin waya, abokai kuma su raba wa juna ta Bluetooth ko Xender. A lokacin noman rani iyaye maza kan wuni a gona, don haka yawancin aikin lura na kan uwaye, kakanni, yayye da malaman Islamiyya. Matakan da aka saba ɗauka sun haɗa da hana sa abin sauraro a kunne cikin gida, duba memori, karɓe waya da dare, da ƙarfafa waƙoƙin Islamiyya da na yabon Annabi.

Mahawara

Masu goyon baya na cewa yaro kan haddace baitin batsa ko zagi tun bai san ma'anarsa ba. Wasu kuma na ganin hani ba tare da bayani ba kan sa yaro ya koma saurare a ɓoye. Akwai kuma matsalar harshe: mawaƙan zamani na amfani da sara da zaurance da Turancin Buroka, wanda iyaye da yawa ba sa ganewa, kuma waƙa mai tsabtar lafazi na iya ɗauke da habaici.

A wasu ƙasashe

A Amurka, ƙungiyar PMRC, wadda Tipper Gore da wasu mata suka kafa a 1985, ta matsa wa kamfanonin waƙa lamba har suka fara manna gargaɗi ga iyaye a jikin faifai, tambarin da aka daidaita a 1990. Manhajoji irin su Spotify da YouTube na da hanyar toshe waƙoƙin da aka yi wa alamar batsa, amma wannan ba ya aiki kan waƙar da aka tura daga waya zuwa waya.