Sikeli Ba Ya Ƙarya, Amma Ba Ya Bayani

Duk wanda ya saba fita daga Gangare zuwa Taminus da hantsi ya san yaran nan da kan ajiye ɗan sikeli a gefen titi, su tsuguna a bayansa suna kiran masu wucewa su zo su auna nauyinsu a kan 'yan kuɗi kaɗan. Akwai wani tela maƙwabcina, dattijo mai jiki, wanda likita ya umarce shi da rage ƙiba sabili da hawan jini da ciwon gwiwa, shi kuwa ya riƙi umarnin da hannu biyu, ya bar tuwon dare, ya bar burodi da shayi mai kauri, ya koma ga gwaten acca da ganye, kuma tun daga ranar ya mai da hawa sikelin yaran nan tamkar wazifa, ba ya ƙetare safiya. A makon farko ya sauke kilo 3, har ya fara zancen rage wa rigunansa faɗi. Ana nan sai aka yi ɗaurin aure a unguwa wata Asabar, ya ci shinkafa da nama kamar kowa, ranar Litinin ya hau sikeli ya tarar kilo 2 sun dawo. Ya same ni a ƙofar masallaci bayan azahar, ransa a ɓace, ya ce, "Malam, ko dai yaron nan ya taɓa sikelin, ko kuwa ni jikina ba ya jin magani. Sati uku ina wahala, faranti ɗaya ya rushe komai?" Na ce masa, "Alhaji, ka ba shi kwana uku, kada ka sake komai cikin abincinka." Ran Alhamis kilo biyun nan suka tafi kamar yadda suka zo, ba tare da ya yi musu komai ba.

Abin mamaki ne irin wannan ruɗu ya sami ɗan Gangare, alhali unguwar nan da awo ta tashi, tun zamanin da kakanninmu suka taho neman kuza, ƙaramin jirgin ƙasa kuma ya iso Jos daga Zariya a 1914 yana kwasarta buhu-buhu. Wanda ya yi aikin kuza ya san cewa wadda aka wanke yanzu, tana ɗigar ruwa, ta fi busasshiya nauyi, kuma babu mai saye da hankalinsa da zai biya kuɗin ruwa a farashin kuza. To, jikin ɗan Adam kaya ne jiƙaƙƙe, domin kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyin namiji matsakaici ruwa ne, na mace kuwa ya ɗan gaza haka, ma'ana mutum mai kilo 70 yana yawo da abin da ya kai jarka biyu masu cin lita 20. Sikeli kuwa ba ya rarrabe kitse da ruwa, ko tsoka da abincin da bai gama wucewa ta hanji ba, balle rigar sanyi da takalmin da mutumin Jos kan jibga a watan Disamba. Duk abin da aka ɗora masa jimla yake faɗa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif, saboda haka wanda ya sha ledar fiya-wata biyu kafin ya hau ya ƙara kilo guda nan take, ba tare da ƙwayar kitse ta shiga jikinsa ba.

Hujjar da ta fi kwantar wa Alhaji hankali ta lissafi ce, kuma ina ganin ya kamata kowane mai rage ƙiba ya haddace ta. Masana abinci suna auna ƙarfin da ke cikin abinci da ma'aunin da ake kira kalori, baligi kuwa galibi yana bukatar tsakanin 2,000 da 2,500 a yini, kilo ɗaya na kitsen jiki kuma yana ɗauke da kimanin 7,700. Idan haka ne, kafin mutum ya tara kilo 2 na kitse a kwana ɗaya sai ya ci fiye da kalori 15,000 ƙari a kan bukatarsa, wato abincin kwana shida a zama guda, abin da ko gardi ba zai iya ba a gidan biki. Haka nan kuma kilo 3 da ya sauke a makon farko ba kitse ba ne dukansu, kuma nan ne na rage masa murna, ko da yake bai so ba.

Sirrin makon farko yana cikin wata ajiya da Allah Ya tanadar wa jiki a hanta da tsoka, wadda likitoci ke kira gilaikojin, wato sukarin da jiki ya tace daga tuwo da shinkafa da dankali ya adana don bukatar gaggawa, kamar ɗan hatsin da uwargida kan ajiye a ɗaki don kada kullum a buɗe rumbu. Ajiyar nan takan kai kusan rabin kilo, kuma kowane giram nata yana riƙe da kimanin giram 3 na ruwa. Idan mutum ya yanke tuwo da burodi, jiki yakan fara cinye wannan ajiya kafin ya taɓa rumbun kitse sosai, ruwan da ke tare da ita ya fita ta fitsari, sai sikeli ya faɗi da sauri. Ranar da ya ci shinkafar biki kuwa ajiyar ta sake cika, ruwanta ya dawo da ita. Sai kuma gishiri, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram 5 a yini, abin da bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi ba sosai, alhali miyar biki da aka zuba wa dunƙulen Maggi ba adadi, da yajin tsire, da kilishi, sukan haye wannan haddi tun kafin a kai ga cin dare. Jiki ba ya yarda gishiri ya yi kauri a jini, don haka yakan riƙe ruwa ya tsinka shi, har ƙoda ta fitar da rarar cikin kwana ɗaya zuwa uku.

Mata suna da nasu ƙarin dalili, domin a kwanakin da ke gab da haila jiki kan riƙe ruwa, zobe ya matse yatsa, sikeli ya hau, sa'an nan ya sauka bayan jini ya zo. Mace mai awo ta fi samun gaskiya idan ta gwama nauyin wannan wata da na ranar da ta yi daidai da ita a watan jiya. Wanda ya fara motsa jiki bayan dogon zama shi ma tsokarsa kan ɗan kumbura da ruwa tana gyaran kanta, haka sikeli kan hau wa mai taurin bayan gida da wanda bai sami barci ba.

Wannan mas'ala ba yau malamai suka fara nazarinta ba. Wani tabibi a birnin Padua na Italiya, Santorio, ya ƙera kujera mai rataye a jikin mizani, ya yi shekaru kusan 30 yana auna kansa da abin da ya ci da abin da ya fitar, har ya wallafa littafi a 1614 yana bayanin cewa wani kaso mai yawa na nauyi yana fita ta numfashi da fata ba tare da an gani ba, wanda shi ne dalilin da mutum kan fi sauƙi da asuba. Amma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne gwajin da Ancel Keys ya yi a Jami'ar Minesota ta Amurka a 1944 zuwa 1945, inda samari 36 suka yarda aka rage musu abinci ƙwarai har mako 24 don a fahimci yadda za a yi jinyar waɗanda yunwar yaƙi ta kama. Da tafiya ta yi nisa sai ƙafafun da yawansu suka kumbura da ruwa, sikeli ya daina nuna ramar da ido ke gani. Da aka fara ƙara musu abinci kuwa, wasu nauyinsu ya ƙara sauka maimakon ya hau, domin ruwan da ya taru ne ya tafi. Mu ma muna da namu gwajin kowace shekara: mai azumi da ya auna kansa da la'asar sakaliya, ya sake aunawa bayan tarawihi, zai ga mutum biyu daban, kuma ɗan abin da aka sauke a Ramadan galibi yakan dawo 'yan makonni bayan Salla.

Daga nan za a gane yaudarar da ke cikin shayin rage tumbi da ake tallarsa a bakin kasuwa da cikin waya, wanda da yawansa ganyen filasko ne ko danginsa, aikinsa gudawa. Mai sha yakan ga kilo ya tafi washegari, ya yi godiya ya ƙara saye, alhali ruwa da abin cikin hanji ya zubar, kitsensa na nan inda yake; mafi muni kuma su ne masu haɗiyar ƙwayar sa fitsari ba da izinin likita ba, domin wannan wasa ne da ƙoda da zuciya.

Rage ƙiba na haƙiƙa, wanda likitoci ke yabawa, rabin kilo ne zuwa kilo ɗaya a mako, kaiwa da komowar ruwa kuwa takan kai kilo ɗaya ko biyu a yini guda, don haka awon kwana ɗaya ba ya zama shaida, kamar yadda ba a hukunta ɗan kasuwa da cinikin Talata kaɗai. Wanda ke son yaƙini ya riƙi sikeli ɗaya, ya ajiye shi a daɓe mai ƙarfi wanda bai karkata ba (na bakin titi kuwa yau a kan dutse yake, gobe a kan yashi), ya hau da safe bayan ya kewaya, kafin karin kumallo, da tufafi marasa nauyi, ya rubuta, sa'an nan ya haɗa na kwana bakwai ya raba bakwai, ya gwama mako da mako. Igiyar awon tela a ƙugu sau ɗaya a wata ita ma shaida ce adila, kuma wannan ko Alhaji bai yi gardama ba, tunda sana'arsa ce.

Sai dai akwai ruwan da ba a yi masa haƙurin kwana uku. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun yi rubutu a kan ciwon zuciya da ke kama masu jego a ƙasar Hausa, suka danganta yawansa da kunun kanwa, wanda gishirinsa ke da yawa, da zafin wankan jego. Alamarsa kumburin ƙafa da haki. Saboda haka duk wanda ya ga ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana uku, ƙafarsa ta kumbura har yatsa na lotsawa, ko numfashi na gagararsa idan ya kwanta, musamman mai ciki da mai jego da mai hawan jini, haka kuma wanda yake ta ramewa bai rage abinci ba, ga ƙishirwa da yawan fitsari ko tari mai daɗewa, to, ya bar yaron sikeli, ya nufi asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo ko asibitin da ya fi kusa da shi, a ranar, kada ya jira gobe.