Ƙyaftawa da Hargitsin Haske a Cikin Ƙaramin Kogo

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan maƙala ita ce bayyana dalilin da ya sa akan cusa haske mai ƙarfi ɗaya tsayayye cikin ƙaramin kogo, amma ya fito yana ƙyaftawa, wani lokacin ma a hargitse. Abin da muke nufi da kogo shi ne ɗan zobe ko faifai na gilashi ko silikon, mai faɗin 'yan maikiromita, wanda haske ke kewayawa a cikinsa sau dubbai kafin ya tsere.

2.0 Tushen Al'amarin

Kogo ba ya karɓar haske sai wanda tsawon zangonsa ya dace da kewayensa. To, idan hasken ya taru da yawa, yakan sauya ma'aunin lanƙwasa haske na jikin kogon, dacewar ta gurɓace. Watau haske kan sauya kogo, kogo kuma ya sauya yawan hasken da zai shiga.

A silikon abubuwa biyu ne ke ja-in-ja. Na farko, haske mai ƙarfi kan saki ilektron, su kuwa su rage ma'aunin cikin 'yan nanosakan. Na biyu, zafin da ke biyo baya kan ƙara ma'aunin, amma a hankali. Tun da ɗaya ya fi ɗaya sauri, ba sa daidaituwa: kogon ya cika, ya yi zafi, ya kauce, ya huce, sa'an nan ya komo. Johnson, Borselli da Painter sun nuna wannan a faifan silikon a 2006.

3.0 Daga Ƙyaftawa zuwa Hargitsi

Ƙa'idar Poincaré da Bendixson ta tabbatar da cewa tsarin da ke gudana ba yankewa, mai abubuwa biyu kacal masu sauyawa, iyakarsa ya tsaya cak ko ya riƙa maimaita kansa. Hargitsi yana bukatar na uku, ko kuwa jinkiri wajen komowar haske. A 1975 Haken ya nuna cewa lissafin leza ya yi daidai da wanda Lorenz ya tsara kan yanayin iska a 1963. A 1979 Ikeda na Japan ya hango hargitsi a kogo mai siffar zobe, Gibbs da abokan aikinsa suka gan shi a gwaji a Amurka a 1981. Sau da yawa hanyar ita ce ninkawa: tsarin da ke maimaituwa bayan ƙyaftawa ɗaya ya koma bayan biyu, huɗu, takwas, har maimaituwa ta ɓace. Ya kamata mu lura cewa hargitsi ba caca ba ne. Doka yake bi, sai dai ɗan bambanci a mafari kan yi girma da sauri har hasashe ya gagara.

4.0 Kammalawa

Ga mai ƙera na'urar sadarwa wannan hali yana iya zama annoba, domin yakan ɓata saƙo da zarar an ƙara ƙarfin leza. Amma kuma an ci moriyarsa: a 2005 an ɓoye saƙo cikin hasken leza mai hargitsi, aka aika da shi ta zaren gilashi mai tsawon kilomita 120 a birnin Atina na ƙasar Girka. Saboda haka muna ganin wajibi ne mai ƙira ya auna saurin hucewar kogo da daɗewar ilektron a sake tun kafin ya zaɓi ƙarfin hasken da zai cusa.