Rariyar da ke Tace Iyaye Kafin Ta Tace Yara

Tun kafin ƙarfe bakwai na safe muka isa ƙofar makarantar da aka ware domin jarrabawar, ni da 'yar ƙanwata mai shekara goma sha ɗaya. Fensira biyu da magogi ta riƙe, sai katin jarrabawa mai hotonta da uwarta ta naɗe mata a leda don kada gumi ya ɓata shi. Da aka kira su suka shige, aka ja ƙofa, sai aka bar mu mu iyaye a gindin darbejiya. Wasu na jan carbi, wasu na duba agogo, kowa da abin da ke cin sa.

Kusa da ni wata Hajiya tana ba da labarin yadda ta ɗauki malamin lesin wata shida, kullum bayan la'asar, ga littattafan tsofaffin tambayoyi da ɗanta ya haddace har ya gundura. Wani tela da ya kawo ɗansa a kan babur yana saurare, can ya ce, "Hajiya, ai ku kun riga kun ci. Mu sa'a muka zo nema." Ta ce, "Haba Malam, ai ƙwaƙwalwa ba ta san kuɗi ba." Ya gyaɗa kai, ya ce ajin ɗansa ya fi yara ɗari, malami ɗaya, kuma sai makon jiya yaron ya fara ganin irin takardar da ake cike gurabenta da fensir. Maganar nan tasu ta fi duk muhawarar da na sha ji a rediyo nuna mini inda gizo ke saƙa.

Jarrabawar ita ce ta shiga kwalejojin gwamnatin tarayya, wadda hukumar NECO da aka kafa a 1999 take shiryawa kowace shekara. Makarantun sun girme ta nesa. An buɗe ukun farko a 1966, a Sakkwato da Warri da Okposi, bayan yaƙin basasa kuma gwamnatin Gowon ta faɗaɗa su, har Kano da Kaduna suka sami nasu a 1973. Yau sun haura ɗari. Niyyar ita ce ɗan Katsina ya kwana ɗaki ɗaya da ɗan Kalaba, su ci a kwano ɗaya, su girma ba sa tsoron juna. Tace yara da jarrabawa kuwa ba baƙon abu ba ne a Arewa: Kwalejin Katsina, wadda ta zama Barewa bayan ta bi ta Kaduna ta zauna a Zariya, zaɓaɓɓu take ɗauka, kuma daga cikinta Tafawa Ɓalewa da Sardauna suka fito.

Shi ya sa da wuya ka sami uban da zai ce maka a soke jarrabawar. Ko telan nan bai ce haka ba. Talaka ya san cewa in aka cire jarrabawa, abin da zai maye gurbinta shi ne takarda daga wani babba, shi kuwa ba shi da babba. Ƙorafinsa a kan abin da ke faruwa kafin a raba takarda ne.

Ƙorafin iyayen Kudu daban yake, kuma ya kamata mu saurare shi ba tare da ɗaure fuska ba. A 2013 aka fitar da mafi ƙarancin makin da ake bukata daga ɗan kowace jiha, cikin maki 200. Ɗan Anambra sai ya kai 139, ɗan Kano 67, namiji daga Yobe 2, mace daga Zamfara ita ma 2. Ƙasa ta ɗauki zafi. Lauya Olisa Agbakoba ya kai ƙara, kuma a 2014 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta ce bambanta yara bisa jiharsu ya saɓa wa tsarin mulki. Uwar da ɗanta ya ci 130 aka ce ya faɗi, alhali wani ya ci goma ya wuce, ba ta bukatar a karanta mata sashen tsarin mulkin da ya yi maganar raba daidai tsakanin jihohi. Zafin da take ji gaskiya ne. Tsarin da ma'aikatar ilimi ke ambata a shekarun nan shi ne kashi 60 bisa cancanta, kashi 30 daidaito tsakanin jihohi, kashi 10 kuma don larura, amma bai kashe wutar ba.

Ni abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda wasunmu suka ɗauki ƙaramin makin nan a matsayin gata. Wane gata? Lambar 2 ba ta ce yaran Yobe ko Zamfara ba su da basira ba. Cewa ta yi gurabe sun fi masu nema yawa, kuma 'yan kaɗan ɗin da suka zauna ba a shirya su ba. A 2018 an wayi gari da labarin cewa yara 28 kacal suka yi rajista daga Zamfara gaba ɗayanta. Jiha guda, yara 28! Sannan a tambayi kai: wa ke cin gajiyar gurbin da aka keɓe? Sau da yawa ɗan ma'aikaci ne da ya tashi a Abuja ko Kaduna, ya yi firamaren kuɗi, ubansa ya je ƙaramar hukumarsu ya karɓo takardar shaidar asali. Yaron ƙauyen da aka yi tsarin dominsa bai ma ji an yi jarrabawar ba, yana can gona ko yana tallar gyaɗa. An sassauta masa ƙofar da ba a nuna masa hanyarta ba.

Ga kuma harshe. Da Turanci ake yin tambayoyin duka, har lissafin. Yaron da ya iya raba kuɗin cinikin uwarsa a ka, ba tare da ya ɓatar da ko sisi ba, yana iya faɗuwa lissafi don bai gane abin da aka tambaye shi ba. A shekara goma ko sha ɗaya, wanda ake yi wa Turanci a gida da wanda sai a aji yake jin sa ba gasa ɗaya suke yi ba. Wasu iyayen ma daga aji biyar suke ciro yaro su tura shi, don a ce ɗan wane ya yi sauri.

Kano ta taɓa gwada wata hanya da nake ganin ba mu ba ta haƙƙinta ba. A 1977, zamanin Kanar Sani Bello, aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, daga baya aka ƙara na mata. Su ma da jarrabawa ake shiga, mai tsauri kuwa, amma ba daga firamare ba. Sai yaro ya yi 'yan shekaru a sakandare, ya ɗan goge, Turancinsa ya ɗan zauna, sannan a tace. Ka shiga asibitocin Kano da Jigawa ka tambayi likitoci inda suka yi sakandare, za ka ji sunan Dawaki ya yi ta maimaituwa, kuma da yawansu iyayensu manoma ne da 'yan tireda. Jinkirta rariyar da shekara biyu ko uku ya ba ɗan talaka damar cim ma tsara. Ko a nan ɗin, yanzu 'yan makarantun kuɗi sun gano darajar wurin suna rububinsa, kuma iyaye na kukan alfarma.

Akwai kuma iyayen da yaransu ke cin jarrabawar su ƙi tura su, ana yi musu kallon marasa son boko. Ba haka ba ne. Wanda ya tuna harin daren Buni Yadi a Fabrairun 2014, ko ɗaliban Birnin Yawuri da aka kwashe a Yunin 2021, dukansu kuwa kwalejojin tarayya ne, ba zai ga laifin uban da ya zaɓi makarantar jeka-ka-dawo a unguwarsu ba, ko da ba ta kai waccan inganci ba. Wani kuma yana son Islamiyya ta tafi tare da boko, yana tsoron yarinya ta yi nisa da gida a shekarun da ta fi bukatar uwa. Ƙanwata kanta ta gaya mini cewa ko 'yarta ta ci, in ba makarantar da za ta iya zuwa ta dawo a yini ɗaya aka ba ta ba, ba inda za ta.

Bayan azahar aka buɗe ƙofa. 'Yar ƙanwata ta fito da gudu tana cewa, "Kawu, Turancin da sauƙi, lissafin ne lokaci ya ƙure mini." Ɗan telan yana daga cikin na ƙarshe. Uban ya tare shi, ya karɓi fensirin, ya ce, "Yaya, Abba?" Yaron ya ce akwai shafi guda da bai gane abin da ake so ba, sai ya cike duk inda hannunsa ya faɗa. Uban ya shafa kansa, ya saya masa ruwan leda, ya ɗora shi a bayan babur, ya ce mini ƙanen yaron yana aji huɗu, zai fara tara kuɗin lesin tun daga ɗinkin sallar bana.