Ta ƙirga ɗari, ta kasa miƙo bakwai

A makarantun nazare da suka cika unguwanninmu, babu abin da ke faranta ran iyaye kamar bikin ƙarshen shekara, lokacin da za a fito da yarinya 'yar shekara huɗu a miƙa mata lasifika, ta zubo ƙidaya daga ɗaya zuwa ɗari da Turanci, ta bi da haruffa daga na farko har na ƙarshe. A tafa, a yi mata liƙi, uba ya koma gida yana ganin kuɗin makaranta bai tafi a banza ba. Ban raina wannan murna ba. Amma a zuba wa yarinyar gyaɗa a faranti a ce, "Miƙo mini guda bakwai." Ba abin mamaki ba ne ta damƙo abin da hannunta ya ɗauka ta miƙo.

Wannan gwaji yana da tarihi. A farkon shekarun 1990 wata masaniyar halayyar yara a Amurka, Karen Wynn, ta riƙa ajiye wa 'yan shekara biyu da uku tarin kayan wasa, tana neman su ba ta ɗaya, ko biyu, ko biyar. Ta tarar yaron da ke jera ƙidaya da baki ba tangarɗa yana iya kasancewa bai san ma'anar kowace lamba ba sai "ɗaya". Bayan watanni ya gane "biyu", daga baya "uku", sannan wata rana kansa ya buɗe ya fahimci cewa lambar da ya tsaya a kanta ita ce adadin dukan abin da ya ƙirga. Tafiyar takan ci shekara guda ko fiye. Tun 1978 Rochel Gelman da C. R. Gallistel suka bayyana abin da ƙirga ta gaskiya ta ƙunsa: kowane abu lamba ɗaya tak, lambobin su zo bi da bi ba tsallake, ta ƙarshe kuma ta zama amsar "nawa ne?" Hadda tana ba yaro na tsakiyan kawai. Sauran biyun sai ya taɓa da hannu, ya jera tsakuwa, ya raba dabino tsakaninsa da ƙannensa.

Wani zai ce ai yara ne, za su gane a gaba. A 2007 Greg Duncan da abokan aikinsa sun tattara manyan bincike shida da suka bi diddigin yara a Amurka da Birtaniya da Kanada. Cikin abubuwan da aka auna lokacin shigar yaro makaranta, sanin lissafi ne ya fi komai nuna yadda karatunsa zai kasance bayan shekaru. Wanda ya shiga aji ɗaya bai san takwas ta fi biyar ba, a kan wannan ramin za a ɗora masa tarawa da ɗebewa.

Maganin kuma ba shi da tsada, abin da ya fi ba ni takaici ke nan idan na ga ana barinsa. A 2008 Robert Siegler da Geetha Ramani sun ba 'ya'yan talakawa a azuzuwan share fage na Amurka wani wasa: kwali mai gidaje goma a jere, an rubuta 1 zuwa 10, yaro na tura ɗansa yana faɗin lambar kowane gida da ya taka. Zama huɗu na kamar minti 15 zuwa 20 aka yi. Yaran suka ƙara ƙwarewa wajen gane lambobi da sanin wadda ta fi wata, alhali waɗanda suka yi wasan da gidaje masu launi kawai ba su samu wannan ci gaba ba. Malama mai alli za ta iya zana wannan a daɓen aji, marafen kwalba su zama 'ya'yan wasa.

A karatu ma haka abin yake. Rera sunayen haruffa daban, karatu daban. Kafin yaro ya karanta, dole kunnensa ya fara jin cewa kalma guntaye ce da aka haɗa: "kaza" da "kare" sun fara da sauti ɗaya, "gida" da "fada" sun ƙare iri ɗaya. Lynette Bradley da Peter Bryant na Jami'ar Oxford sun gwada yara kimanin 400 'yan shekara huɗu da biyar da ba su fara karatu ba, suka buga sakamakon a 1983. Waɗanda kunnensu ya fi kama irin wannan kamanni su suka fi iya karatu da rubutu bayan shekaru, waɗanda kuma aka horar da su a kai, musamman da aka haɗa musu da haruffan roba, suka zarce sa'o'insu.

A nan ɗan Bahaushe yana da gata, mu ne muke hana shi. Rubutun Hausa na boko kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Yaron da ya san sautin "b" ya san wasula biyar, ya samu ba, be, bi, bo, bu; gobe ya haɗa "baba" da kansa, ya ɗago kai yana dariya don ya gane abin da ya karanta. Malaman allo sun daɗe da sanin wannan mataki, shi ya sa suke fara babbaƙu, sannan farfaru, kafin a kai ga haɗawa. Turanci kuwa harafi ɗaya yana iya ɗaukar sauti uku ko huɗu, ga shi yaron bai san ma'anar kalmar ba ko da ya furta ta daidai. An ɗora masa koyon karatu da koyon baƙon harshe a lokaci guda, yana ɗan shekara huɗu.

Iyaye suna tsoron kada Hausa ta hana ɗansu Turanci, kuma tsoronsu yana da dalili, domin da Turanci ake jarrabawa da neman aiki. Sai dai an gwada wannan a ƙasar nan. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani shiri a Ile-Ife inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekarun firamare shida, Turanci na matsayin darasi, kuma yaran ba su gaza a Turancin ba. A Arewa, shirin "Mu Karanta" a Bauchi da Sakkwato da shirin RANA a Katsina da Zamfara sun fara karatun ƙananan azuzuwa da Hausa bisa wannan hujja. Yaron da ya gano sirrin haɗa sauti da harafi a harshen gidansu ba sai ya sake gano shi ba. Yana ɗauke da shi zuwa kowane harshe.

Ban ɗora wa malamai mata na nazare laifin duka ba. Wadda aka tara wa yara sittin a ɗaki ɗaya, albashinta bai kai ta ƙarshen wata ba, mai makaranta kuma na auna ta da yawan shafukan da yara suka cika, ba ta da mafita sai "ku maimaita". Iyaye ne suka fi ƙarfin canza wannan, domin abin da suke tambaya shi makaranta ke sayarwa. Idan suka daina neman jinga mai shafi uku ga ɗan shekara uku, suka fara tambayar ko ana yi wa yara tatsuniya a aji, ko akwai littattafan Hausa masu hotuna da yaro zai riƙe da hannunsa, ko ana barin su ƙirga abin da suke iya taɓawa, masu makarantu za su samar da su kafin zangon karatu ya zagayo.