Takunkumi Don Masu Neman Jinsi: Wa Ke Biyan Kuɗin Sabulu?

Mu da ke fatauci tsakanin Agadas, Dirku, Gatrun da Sabha ba sai an ba mu labarin takunkumi ba. Daga 1992 zuwa 1999 Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana jiragen sama shiga Libiya kan batun Lokabi. A 2023 kuma ECOWAS ta rufe iyakokinta da Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, shinkafa da magani suka yi tashin gwauron zabo.

Shi ya sa muka kasa kunne da Turawa suka ɗauko wannan makami don kare masu neman jinsinsu. A Mayun 2023 Shugaba Museveni na Yuganda ya sa hannu kan dokar da ta tanadi har hukuncin kisa a wasu lokuta. A watan Agusta Bankin Duniya ya dakatar da ba ƙasar sabon bashi, a Janairun 2024 Amurka ta cire ta daga tsarin rangwamen haraji na AGOA. Amma dokar ba ta faɗi ba, bankin kuwa ya janye matakinsa a 2025. Ƙaiƙayin ya koma kan masu ƙananan sana'o'i da ma'aikata, ba 'yan majalisar da suka yi dokar ba.

Lamarin Burunai daban ne. A 2019, da aka kawo dokar jifa, sai aka ƙaurace wa manyan otal guda 9 mallakar gwamnatin Sarki Hassanal Bolkiah a Turai da Amurka. Bayan kimanin wata guda sarkin ya sanar ba za a zartar da hukuncin kisa ba, ko da yake dokar tana nan. A nan aljihun mai yanke shawara aka taɓa.

Wani abin lura, tun 2011 ƙungiyoyin Afirka masu kare waɗannan mutane suka gargaɗi Firaministan Ingila, Dabid Kamaru, cewa yanke tallafi zai ƙara jawo musu tsana, don su za a ɗora wa laifin yunwa.

Ko mene ne ra'ayin mutum kan wannan batu, ɗan kasuwa ya san adalci shi ne wanda ya ci bashi ya biya. Kafin a ƙaurace wa kayan wata ƙasa, a fara tambaya: mai mulki ne zai ji jiki, ko direba da ɗan dako da mai shago?