Kakarewa, Sarƙewa da Tsinkewa: Bayanin Maƙalewar Kayan Aiki a Jijiyar Zuciya

1.0 Gabatarwa

A Galtimari, kamar sauran unguwannin Maiduguri, Hausa ce kan haɗa likita da majiyyaci, ko da majiyyacin Babarbare ne ko Shuwa. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa kalmar "maƙale" ta yi kaɗan wajen bayyana abin da kan faru idan kayan aikin likita suka ƙi fita daga jijiyar zuciya.

2.0 Aikin da Matsalarsa

Andreas Gruentzig ne ya fara buɗe toshewar jijiyar zuciya ba tare da tsaga ƙirji ba, a Zurich cikin 1977. Akan zura siririyar waya ta hannu ko ta matsematsi har cikin jijiyar da ke ciyar da zuciya jini, a bi ta da ɗan balan-balan a hura. Daga 1986 aka fara barin ragar ƙarfe ta tokare wurin. (Ita kanta "jijiya" tana da rikici, domin har ta agara sunanta ke nan.)

Jefi-jefi kayan kan ƙi fitowa. Ɗan ƙarfen da ke goge jijiyar da ta ƙandare kamar dutse yakan cusa kai a matsi, ba gaba ba baya. Wannan ya kakare. Fizga da ƙarfi na iya yage jijiyar, don haka likita kan ratsa wata waya ta gefensa, ya hura ƙaramin balan-balan domin wurin ya saki. Waya kuwa sarƙewa take yi a idanun raga, sai a zura siririn bututu a kanta har inda ta kama, a kwance ta a hankali.

Tsinkewa ta fi tsanani, saboda jini na iya daskarewa a kan guntun ya toshe hanya. Akan kamo shi da zarge, ko a danne shi jikin bangon jijiya da wata raga. Idan ƙarami ne kuma can ƙarshen reshe yake, wani lokaci akan bar shi. In duk sun faskara, sai tiyata.

Tafintan da ya ce wa dangi "waya ta maƙale" ya sa su tsammanin janyowa kawai za a yi. Idan daga baya aka kawo musu takardar amincewa da tsaga ƙirji, sai gardama ta tashi alhali jijiyar na toshe.